Me Ake Koya wa 'Ya'yanmu a Darasin Zaman Jama'a?

Idan aka ba da hutu yaro ya kawo katin sakamakon jarrabawa gida, yawancinmu layi biyu muke dubawa, wato Turanci da Lissafi. In ya ci waɗannan sai mu ce madalla, mu sa hannu, mu mayar masa da katinsa. Amma akwai wani layi can ƙasa wanda ba safai ido yakan tsaya a kansa ba. Malamai suna kiransa Soshiyal Stadis, yara su ce "soshiyal" kawai. Da Hausa ma iya ce da shi ilimin zaman jama'a. A nan ne ake koya wa yaro ko shi wane ne, su wa yake zaune da su, wa ke mulkin garinsu, da abin da ya wajaba a kansa game da maƙwabcinsa. Darasin da ke taɓa waɗannan abubuwa bai kamata iyaye su bar wa malamin aji shi kaɗai ba, gama rabinsa ba ya cikin littafi, yana cikin gidanku.

Inda darasin ya fito

Waɗanda suka yi elementare a zamanin En'e ba su san wannan suna ba. Su Tarihi aka koya musu daban, Labarin Ƙasa daban. Da yawa cikin abin da aka koya kuwa na ƙasar Turawa ne. Yaro yakan iya lissafa sarakunan Ingila da kogunanta, alhali bai san inda rafin bayan gidansu yake zuwa ba.

A Amurka aka fara haɗa waɗannan darussa wuri ɗaya, tun wajen 1916. A Nijeriya kuwa an fara gwada shi sosai a wata makarantar sakandare da aka buɗe a Aiyetoro a 1963, cikin Jihar Ogun ta yanzu, da taimakon Amurkawa. A 1968 masanan ilimi daga ƙasashen Afirka 11 suka taru a Mombasa ta ƙasar Kenya, suka yarda cewa yaron Afirka ya fara sanin ƙasarsa da mutanensa tukuna kafin na wasu. A 1969 aka yi babban taro a Legas a kan abin da ya kamata makarantun Nijeriya su koyar.

Ku lura da shekarun. Ana waɗannan tarurruka ne ana tsakiyar yaƙin basasa, wanda aka fara a 1967 aka gama a Janairu 1970. Shugabanni sun ga abin da rashin sanin juna ya jawo, suka nemi magani ta hanyar yara. Tunanin da ya haifi aikin bautar ƙasa a 1973, inda ake tura wanda ya gama jami'a wata jiha da ba tasu ba, shi ne ya ba wannan darasi ƙarfi. Da aka buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa a Satumba 1976, aka kuma fito da manufar ilimi ta ƙasa a 1977, sai ilimin zaman jama'a ya zama dole a kowace firamare.

Tun daga nan darasin bai zauna wuri ɗaya ba. A tsarin da aka fito da shi a 2007 ba a bar wa Tarihi gurbin kansa ba, mutane suka yi ta kuka shekara da shekaru. A 2014 aka fara aiki da wani tsari wanda ya cusa soshiyal da darasin addinin Kirista da na Musulunci da ilimin zama ɗan ƙasa ƙarƙashin suna guda. Shugabannin ikilisiya suka ƙi, shugabannin Musulmi ma suka ƙi, har a 2017 gwamnati ta ba da umarni a raba darussan addini, kowanne ya tsaya da ƙafarsa. A 2025 kuma aka sake sabon tsari: Tarihin Nijeriya ya zama darasi mai zaman kansa tun daga aji ɗaya, aka haɗa soshiyal da ilimin zama ɗan ƙasa. Saboda haka kada ku yi mamaki idan sunan da ke katin ƙaramin ɗanku ya bambanta da wanda ke na yayarsa. Suna ne yake sauyawa, abin da ake nema yana nan.

Daga gida ake farawa

An shirya darasin kamar yadda ruwa yake yi in an jefa dutse a tafki. Da'ira ta fari ƙarama ce: yaro da iyalinsa. Sa'an nan makaranta da unguwa, sa'an nan gari da ƙaramar hukuma, jiha, ƙasa, har sauran duniya. Dabara ce mai kyau, domin yaro yana gane abin da bai sani ba ta wurin abin da ya riga ya sani.

To, ina matsalar take? Ga ta. A makarantu da yawa aji ɗaya yana da yara fiye da yadda malami zai iya lura da su, ba taswira a bango, littafi kuwa sai wanda ubansa ya iya saya. Malami ba shi da abin yi sai ya rubuta a allo, yara su kwafa, su haddace. Kuma da Turanci ake rubutawa. Sai ka ga yarinya 'yar aji biyu tana rera ma'anar "iyali" da Turanci kamar waƙa, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ka ce mata, "To, faɗa mini da Hausa," sai ta yi shiru tana wasa da bakin riga. Ta ci jarrabawa, amma ba ta san maganar gidansu ake yi ba.

Abin da ta haddace ma sau da yawa bai yi kama da gidansu ba. Hoton da ke littafi ya nuna uba da uwa da 'ya'ya biyu a kan kujera. Ita kuwa a gidansu akwai kaka, akwai ƙanen baba da matarsa, akwai ɗan gwaggo da aka kawo daga ƙauye domin karatu, akwai wata marainiya da mama take riƙo. Littafin yakan ambaci irin wannan babban gida a layi ɗaya ko biyu, ya wuce. Ku ne za ku cika sauran.

Ku duba arzikin da harshe yake da shi a nan. Bahaushe ba ya kiran ɗan'uwan uwa da ɗan'uwan uba da suna ɗaya. Na wajen uwa kawu ne, na wajen uba baffa. 'Yar'uwar uba gwaggo ce, 'yar'uwar uwa inna ko iya. Ɗan kawu da ɗan gwaggo taubasai ne, akwai wasa tsakaninsu. Kaka tana ce wa jikanta namiji "mijina", ta ce wa jikarta "kishiyata", ana dariya. Kowane suna yana ɗauke da hakki: wa za a gaya wa in an sami matsala, wa ke tsayawa a maganar aure, wa ake jin kunyarsa, wa ake tsokana. Sauran harsunanmu, su Bajju, Ngas, Tangale, Bura, Bacama da sauransu, kowanne yana da nasa sunaye da nasa ƙa'idodi. Yanzu duk mun tattara su mun zuba a buhu biyu, "anti" da "onkul". Mai sayar da burodi onkul ne, ƙanen uba ma onkul ne. Yaya yaro zai san bambanci?

Gwaji mai sauƙi: yau da dare, bayan an ci tuwo, ku tambayi ɗanku sunan kakansa na wajen uba da na wajen uwa, da sunan garin da aka haifi kowannensu. Idan ya amsa, ku ƙara hawa ɗaya, ku tambayi sunan uban kakan. A nan yawanci ake tsayawa. Wani lokaci uban da ya yi tambayar ma sai ya ɗan yi tari.

Littattafan da ba a saya

Mai gida zai ce, "Ni ban yi karatu mai zurfi ba, me zan koya masa?" Sa hannu a aljihu, malam. Kuɗin da ke ciki littafi ne. Naira biyar tana ɗauke da hoton Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Minista na farko. Naira ashirin, wadda ake kira "murtala", tana da Janar Murtala Muhammed a gaba. Juya bayanta, ga wata mace tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya, ta shiga makarantar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, har aka kai aikinta ƙasashen Turai ana kallo. Ta rasu a 1984. Yarinyar da aka gaya wa wannan labari ba za ta ƙara raina mai ginin tukunya a kasuwa ba. Naira ɗari Obafemi Awolowo, ɗari biyu Sardauna Ahmadu Bello, ɗari biyar Nnamdi Azikiwe. Naira dubu tana da mutum biyu, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, 'yan ƙasa na farko da suka shugabanci Babban Bankin Nijeriya. Gaskiya ƙananan takardun nan sun yi wuyar gani, tun da ba abin da suke saye, amma in an bincika gwangwanin mama ba za a rasa ba.

Naira hamsin kuwa, "wazobiya", takan jawo tambaya mai wuya. Sunan ya fito daga kalmar "zo" a harsuna uku: Yarbanci, Hausa da Ibo. Yaro mai wayo zai ce, "Baba, mu ina namu?" Tambaya ce mai kyau, kada a kore ta. Nijeriya tana da harsuna fiye da 500, littafin firamare kuwa yakan tsaya a kan manyan uku, ya nuna tufafinsu da abincinsu da bikin aurensu. Yaron da bai taɓa ganin sunan kabilarsa a littafi ba yana iya ɗauka su ba kowa ba ne. Gaya masa abin da ka sani: inda kakanninku suka zauna kafin su sauko inda suke, me suke nomawa, yadda suke gaisuwa, wace rawa suke yi bayan girbi. Idan ku mutanen kudancin Kaduna ne ko Filato, gaya masa labarin Nok, ƙauyen da masu haƙar kuza suka tono wani kai da aka gina da yumɓu a 1928, aka gane daga baya cewa mutanen da suka yi shi sun rayu a wurin fiye da shekara 2,000 da suka wuce, suna noma, suna narka ƙarfe. Ana iya ganin irin waɗannan kayan a gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952.

Kasuwa ma littafi ce, ta fi kowanne girma. Uwa, in za ki cefane ki tafi da yaron, kada ki bar shi riƙon jaka kawai. Ki tambayi mai kaya a gabansa, "Malam, daga ina wannan albasa?" Zai ce daga Aliero ta Jihar Kebbi, ko wani wuri. Dankalin Turawa daga Bokkos ko Mangu. Citta daga Kachia da Kwoi. Doya daga Zaki Biam a Binuwai. Bandar kifi daga Baga, bakin Tafkin Chadi. Manja da goro daga kudu. Kafin ku dawo gida yaron ya zaga rabin ƙasa. Ya kuma ga wani abu da idonsa: tukunyar miya ɗaya ta bi ta hannun Bahaushe da Batibi da Babarbare da Bayarabe kafin ta hau murhu, nonon da aka dama fura da shi kuwa daga rugar Fulani ya fito. Littafi yana kiran wannan dogaro da juna. A kasuwa ba ya bukatar suna.

Rafin bayan gari fa, ina ya nufa? Ku bi shi da baki. Idan kuna wajen Kaduna, ruwanku yana shiga Kogin Kaduna, ya gangara ya faɗa Kogin Kwara. Idan kuna wajen Gombe, Gongola ce za ta kwashe shi ta kai Binuwai a Numan. Kwara da Binuwai su haɗu a Lokoja, su tafi teku tare. Wannan haɗuwa ita ce farar alama mai reshe biyu da ke tsakiyar baƙar garkuwa a tambarin Nijeriya. Mutanen Kano da Haɗeja kuwa ruwansu ba ya zuwa teku ko kaɗan, gabas yake yi zuwa Tafkin Chadi. A zana wannan a ƙasa da tsinke, ya fi taswirar da ba a taɓa gani ba.

Akwai kuma abin da ya tsufa a kanmu mu iyaye, wanda ya kamata mu gyara kafin mu koyar. Jihohi 12 aka yi a 1967, suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, suka kai 36 a 1996. Ƙananan hukumomi 774 ne. Gwamnati ta tashi daga Legas ta koma Abuja a Disamba 1991. Taken ƙasa da yawancin iyayen yau suka rera a makaranta an fara shi a 1978, amma a 2024 aka komo da na lokacin samun 'yancin kai. Nan kam kaka ta fi mama iyawa.

Abin da yaro yake ji a tsakar gida

Yanzu mu zo ga magana mai nauyi. Malami yana da yaro minti talatin ko arba'in, sau biyu ko uku a mako. A cikin wannan ɗan lokaci yana gaya masa cewa 'yan Nijeriya duka ɗaya ne, a girmama addinin kowa da al'adar kowa. Yaro ya rubuta, ya dawo gida. Da dare manya suna hira a tsakar gida, an ambaci wata kabila ko wani addini, aka ce "ai su duk haka suke". Yaron yana gefe kamar yana barci. Wanne kuke tsammani zai riƙe, na malam ko na baba?

Ba a ce a ɓoye wa yara gaskiya ba. Gidaje da yawa cikin masu karanta wannan mujalla sun yi hasara. An yi Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001, da waɗansu bayansu, har da hare-haren da suka tashi ƙauyuka. Akwai waɗanda suka binne 'yan'uwa, akwai waɗanda suka bar gidan da suka gina da guminsu. Yaro zai tambaya me ya sa ba ma zuwa tsohuwar unguwarmu, kuma ya cancanci amsa. Amma akwai bambanci tsakanin "waɗansu mutane suka ƙone gidanmu" da "su wane ne suka ƙone gidanmu", a haɗa miliyoyin mutane a jimla ɗaya, har da jaririn da aka haifa jiya. Mu da muka san zafin a kira mu da sunan raini saboda bangaskiyarmu ko kabilarmu, bai kamata a ji irinsa a bakin 'ya'yanmu a kan wasu ba.

Abin da ya ƙara wa wannan nauyi shi ne yadda garuruwa suka rabu. A Kaduna da Jos, bayan rikice-rikicen, mutane da yawa sun ƙaura zuwa unguwannin da nasu suka fi yawa. Makarantu suka bi sahu. Iyayen da suka yi firamare kafin wannan suna iya tuna abokan aji Musulmi da Kirista a benci ɗaya, da kwanon abinci da ke ƙetare katanga ran Salla da ran Kirsimati. Yanzu akwai yaron da zai gama aji shida bai taɓa wasa da yaron wani addini ba. Duk abin da ya sani game da su ji ya yi. Ga irin wannan yaro, darasin zaman jama'a labarin wata duniya ne, sai in iyaye sun buɗe masa ƙofa.

In za a ba da labarin ɓarna, a ba da na kirki tare da shi, gama shi ma gaskiya ne. A Yuni 2018, lokacin da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, wani tsohon limami, Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. A Kaduna, Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa sun taɓa zama abokan gāba, Fasto Wuye har ya rasa hannu a rikicin 1992, amma daga 1995 suka haɗa kai suna aikin sulhu. Kusan kowane gida da ya tsira daga wani rikici yana da nasa ƙaramin labari irin wannan, na maƙwabcin da ya buɗe ƙofa ko direban da ya ƙi tsayawa. Yara su ji sunayen waɗannan mutane. Wanda ya san misalin Basamariye mai kirki ya san cewa tambayar wane ne maƙwabcina ba malamin soshiyal ne ya fara yin ta ba.

Kakanninmu ma suna da tasu dabara. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Fulani da Tibi, ko Kanawa da Zage-zagi, ko Gobirawa da Yarbawa, ba shirme ba ne. Hanya ce ta mai da tsohuwar gāba ko baƙunci abin dariya. Gayya kuwa, inda ake taruwa a nome gonar mutum ɗaya yau, gobe ta wani, ita ce haɗin kan da littafi yake ta bayani da dogon Turanci. Idan ana gyaran hanyar unguwa ko share magudanar ruwa kafin damina, a ba yaro ƙaramin kwando ya bi.

Tsakaninku da malam

Ku riƙa buɗe littafin rubutun yaro na wannan darasi, ko sau ɗaya a mako. Ku ga kan maganar da suke ciki, ku ce ya bayyana muku da Hausa ko da harshenku na gida. In suna kan shugabanci, ku tambaye shi sunan mai unguwarku, da dagaci ko hakimi, da kansilan mazaɓarku. Ku tambaye shi, in famfon unguwa ya lalace, wurin wa za a kai kuka? Yaro da yawa ya san sunan shugaban ƙasa, bai san akwai wanda aka zaɓa daga unguwarsu domin irin wannan ba.

A taron iyaye da malamai kuma, maimakon maganar kuɗi kaɗai, wani ya tashi ya ba da shawara a gayyaci wani dattijo ko wata tsohuwa su zo aji su ba da tarihin garin, ko a kai 'yan aji biyar fadar sarki, ko wurin maƙeri, ko tashar jirgin ƙasa in akwai. Ba ya cin kuɗi, yawancin malamai kuwa za su yi murna, don su ma sun gaji da allo.

Masu zuwa gida hutun Kirsimati suna da dama ta musamman. Ku saya wa yaro ƙaramin littafin rubutu, ku ce aikinsa ne ya zauna da kaka ya tambaye ta: wa ya kafa garin nan, me ake ci a shekarar yunwa, yaushe aka gina makaranta ta fari da majami'a ta fari, su wa suke zaune a nan kafin mu, yaya ake ce "sannu da aiki" da harshenmu. Ya rubuta amsar da ranar da aka faɗa masa. In kaka ta gaji ta ce, "Kai, mijina, ka ishe ni da tambaya," a bar ta ta huta, a koma da safe bayan ta sha kunu.